Sai An Gani Kafin A Taɓa: Gwanintar Likitan Kunne, Hanci Da Maƙogwaro

A cikin likitocin tiyata babu wanda aka ƙuntata wa wurin aiki kamar likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Mai tiyatar ciki yana iya tsaga fata ya buɗe wuri, ya sa hannu biyu ya duba hanta da hanji. Shi kuwa wannan, yawancin aikinsa ta ƙofofin da Allah ya riga ya buɗe yake yin sa, kuma ƙofofin nan ƙanana ne, ga duhu, ga lanƙwasa. Tsawon ramin kunnen babban mutum wajen santimita 2 da rabi ne. A ƙarshensa ga dodon kunne, wata 'yar fata da kaurinta bai fi kashi 1 cikin 10 na milimita ba. A bayanta akwai ƙasusuwa uku da ke miƙa sauti zuwa ciki, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa wajen milimita 3. Jijiyar da ke motsa fuska ta nan ta ratsa, ƙwaƙwalwa kuma tana sama, siririn ƙashi ne kawai tsakani. Hanci ma haka yake, ido a gefe, ƙwaƙwalwa a bisa. Maƙogwaro kuwa mararraba ce ta numfashi da abinci da murya, inda toshewar 'yan mintoci ta isa ta raba mutum da duniya.

Duk wanda zai yi aiki a irin wannan wuri, ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da shi: ba ya taɓa abin da bai gani ba. Cututtukan da yake dubawa suna da yawa, daga ruwan kunne da kurumta zuwa haɓo da dishewar murya da kansar maƙogwaro. Amma inda gwanintarsa ta fi fitowa fili shi ne a aikin da mutane suka fi rainawa, wato ciro abin da ya shiga inda bai kamata ba.

Neman haske

Tarihin wannan fanni tarihin neman haske ne. Shekaru aru-aru masu magani suna jin muryar mutum ta dishe, amma ba wanda ya san yadda tantanin murya ke motsi a jikin mai rai. Wanda aka fi jingina wa buɗe wannan ƙofa ma ba likita ba ne. Malamin koyar da waƙa ne ɗan ƙasar Sifen, Manuel García. A shekarar 1854 ya sami ƙaramin madubin masu gyaran haƙori mai dogon mariƙi, ya kai shi can ƙarshen gandarsa, ya ɗauki wani madubin ya karkato hasken rana zuwa ciki, sai ga tantanin muryarsa biyu suna buɗewa suna rufewa. Cikin 'yan shekaru likitoci a Turai suka ɗauki dabarar, suka musanya rana da fitila.

Daga nan madubin goshi ya zama alamar sana'ar. Madubi ne mai zurfin tsakiya, da huda a cibiyarsa. Ana ajiye fitila a bayan kafaɗar mara lafiya, madubin ya tattaro haskenta ya jefa cikin rami, likita kuma ya leƙa ta hudar. Hikimar ita ce haske da ido su bi hanya ɗaya, don kada kan likita ya yi wa kansa inuwa, hannayensa biyu kuma su kasance a sake. Sabon ɗalibi yakan sha wahala kafin ya iya tsayar da wannan haske wuri guda, domin da ya ɗan motsa wuya hasken ya gudu.

A 1921 wani likitan kunne ɗan ƙasar Suwidin, Carl Olof Nylén, ya fara yin tiyata a ƙarƙashin na'urar ƙara girman gani. Masu tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi daga baya suka biyo sahu. Sai kuma masanin haske ɗan Ingila, Harold Hopkins, ya ƙirƙiro wani siririn bututu da aka jera sandunan gilashi a cikinsa, kamfanin Karl Storz na Jamus ya shiga ƙera shi a shekarun 1960. Da shi ne yau ake leƙa lungunan hanci da hanyar iska, hoton ya fito tar a allo. Kayan aiki sun canja ƙwarai, amma duk abu ɗaya suke nema, wato ido ya riga hannu isa.

Wake a kunne, soso a hanci

Duk asibitin da ke da wannan sashe ya san jerin abubuwan da yara ke cusawa: ƙwayar wake, masara, dutsen kwalliya, guntun soson katifa, takarda, tsakuwa, kan ashana. Manya kuma sukan zo da audugar goge kunne da ta cire ta zauna, ko kyankyaso da ya shiga suna barci.

Abu na farko da gwani ya sani shi ne yunƙurin farko ya fi kowanne daraja. Idan guga ya faɗa rijiya, ana zura ƙugiya a yi ta lalube har a dace, domin rijiya ba ta jin zafi, ba ta kumbura. Kunne ba haka yake ba. Ramin yana tsukewa wajen tsakiyarsa, kuma daga nan zuwa ciki fatar a kan ƙashi take kwance, taɓa ta kaɗan sai zafi da jini. Duk lalube ɗaya yana ƙara tura abin ya wuce matsatsin, fata ta kumbura ta rufe bayansa, jini ya hana gani, yaron da ya ji zafi sau ɗaya kuma ba zai ƙara yarda a matso kusa da shi ba. Abin da za a cire cikin minti ɗaya a kan kujera sai ya koma aikin ɗakin tiyata. Wani lokaci tsinken tsintsiya ko murfin biron da aka zura a gida ne ke huda dodon kunne, ba waken ba. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Saboda haka likita ba ya gaggawar ɗaukar ƙarfe. Yakan fara da zaman yaron. Uwa ta ɗora shi a cinya, ta matse ƙafafunsa tsakanin nata, hannu ɗaya ya zagaye hannayensa, ɗayan ya danne kansa a ƙirjinta. Idan ƙarami ne sosai a naɗe shi da zane. Sai likita ya ja leɓatun kunnen don ramin ya miƙe, ya haska, ya tsaya yana kallo. A wannan kallon yake yanke shawarar komai, domin siffar abu ita ke zaɓar masa makami. Abu mai laushi irin auduga ko soso, siririn hantsaki mai bakin kada ne ke kama shi. Abu mai santsi, zagayayye, irin dutsen kwalliya, ba a kai masa hantsaki ko kusa, don zai suɓuce ya ƙara nisa. Wata 'yar ƙugiya ake lallaɓawa ta gefensa har ta wuce bayansa, a juya ta, a jawo shi waje. Tsakuwa ana iya koro ta da ruwa mai ɗumin jiki, amma wake da masara ba a sa musu ruwa, domin za su jiƙa su kumbura su cika ramin. Ƙwaro mai rai kuwa sai an fara kashe shi da ɗigon mai, don motsinsa a jikin dodon kunne ne ke gigita mutum. In kuwa likita ya ga abin ya yi nisa, ko yaron ba zai natsu ba, sai ya ajiye kayan ya ce a shirya allurar barci. Sanin lokacin da za a janye hannu yana cikin gwanintar.

A hanci akwai wata alama da ba ta cika ƙarya ba. Yaron da kafar hancinsa ɗaya kawai ke zubar da majina mai wari, wani lokaci da ɗan jini, mako da makonni, ana ta ba shi maganin mura ba sauƙi, to akwai abin da ke zaune a ciki. Mura ba ta zaɓar kafa ɗaya. Idan abin bai daɗe ba, likita yakan fara da dabarar da ba ta bukatar ƙarfe: ya sa uwa ta toshe kafar da ke lafiya da yatsa, ta rufe bakin yaron da nata, ta hura iska sau ɗaya da ɗan ƙarfi. Sau da yawa sai ka ga abin ya yi tsalle ya fito. Haɗarin hanci shi ne ƙofarsa ta baya a buɗe take zuwa maƙogwaro. Abin da aka tura baya da lalube yana iya zarcewa hanyar iska, ƙaramar matsala ta zama babba.

Ƙwayar gyaɗa a huhu

Nan ne aikin ya kai maƙura. Yaron da bai wuce shekara 3 ko 4 ba bai iya tauna gyaɗa ta niƙu ba, ga shi yana ci yana gudu, yana dariya, yana kuka. Jan numfashi ɗaya da ƙarfi ya isa ya kai rabin ƙwaya hanyar iska, wadda faɗinta a wannan shekarun bai wuce kaurin ƙaramin yatsansa ba. Sai ya sarƙe, ya yi ta tari, fuska ta canja, ido ya yi ja. Idan ƙwayar ta wuce ƙasa ta zauna a ɗaya daga cikin rassa biyu da ke shiga huhu, sai tarin ya lafa, yaro ya koma wasa, mutanen gida su yi hamdala su manta.

Wannan lafawar ce tarkon. Man gyaɗa yana ƙona fatar cikin hanyar iska, ta yi ja ta kumbura. Ƙwayar kanta tana shan danshi tana ƙara girma. Bayan kwanaki sai tari ya dawo, da zazzaɓi, da wani ɗan fito a ƙirji. A kai shi kemis a ce asma ce, a kai shi wani wuri a ce limoniya ce, a sha magani a ji sauƙi, bayan mako biyu ciwo ya dawo a gefen da ya tashi tun farko. Akwai yaran da har maganin tarin fuka ake dora su a kai alhali gyaɗa ce.

Gwani da tambaya yake fara kamo bakin zaren. Ba ya tsayawa a kan zazzaɓin jiya, baya yake komawa. "Hajiya, ranar da tarin nan ya fara, me yake ci? Akwai wanda ya ga ya sarƙe?" Sau tari sai uwa ta yi shiru, can ta ce, "Ai kuwa Likita, yayarsa ta ce ranar suna cin gyaɗa ya yi wani irin tari har ya yi amai, amma ya wuce nan take." Wannan amsar ta fi kowane hoto nauyi, domin gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji yadda ƙarfe ke fitowa. Abin da hoto kan nuna shi ne sawunta. Wani lokaci huhu ɗaya ya cika da iska ya fi ɗan'uwansa girma, saboda hanyar tana ɗan buɗewa idan an ja numfashi iska ta wuce ta gefen ƙwayar, idan za a fitar kuma ta tsuke ta kulle. Wani lokaci kuma huhun ya motse gaba ɗaya. Wani lokaci hoton ya fito lafiya lau. Likita zai sa abin sauraro a dama, ya sa a hagu, ya ji gefe ɗaya iska ba ta shiga sosai. Idan labari da sauraro suka yi daidai, ko hoto bai nuna komai ba, zai ce a leƙa.

A ɗakin tiyata mutum biyu ne ke rabon hanya ɗaya, likitan maƙogwaro da likitan sa barci. Ta inda wancan zai zura ƙarfe, ta nan wannan ke ba yaro iskar da ke riƙe da ransa. Shi ya sa bututun ƙarfen da ake amfani da shi yake da kafa a gefe, inda ake haɗa iskar oksijin, likita kuma yana aiki ta tsakiya. Ana kwantar da yaro rigingine, a ɗan ɗaga kafaɗa, a miƙar da wuya har baki da maƙogwaro da hanyar iska su zama layi ɗaya. Likita ya kare haƙora da leɓe da yatsun hannun hagu, ya ɗaga murfin maƙogwaro, ya ga tantanin murya biyu, ya juya bakin bututun a kaikaice ya ratsa tsakaninsu ba tare da ya goge su ba. Daga nan sai ya bi hanya sannu a hankali har inda ta rabu biyu.

Abin da yakan tarar ba gyaɗa ce fara tas tana jiran sa ba. Mugunya ce da majina, da jan nama da ya tsiro ya kewaye ta, wanda da an taɓa shi sai jini. Sai ya zuƙe ruwan, ya ɗiga maganin da ke sa kumburi ya janye, ya jira. Yana neman ɗan sarari tsakanin ƙwayar da bangon hanya, inda bakin hantsaki biyu za su shiga su rungume ta. A nan ake gane hannu. Gyaɗar da ta kwana biyu a jiƙe ta yi laushi. Ya matse da ƙarfi, ta farfashe, gutsattsarin su watsu cikin ƙananan rassa. Ya riƙe sako-sako, ta suɓuce. Ƙarfin da ake bukata ba ya rubutuwa a littafi, a yatsu ake jin sa ta cikin ƙarfe mai tsawon kamu biyu.

Duk wannan ana yi ne ido ɗaya na kan na'urar da ke nuna yawan iskar da ke jinin yaro. Da mai sa barci ya ce, "Dakata, iska ta sauka," ko da hantsaki ya kusa kamawa, sai a janye a ba shi wuri ya cika huhun, sannan a koma. Likitan da bai iya jin wannan magana ba bai dace da ɗakin ba.

Idan an kama, ƙwayar ta fi ramin bututun girma, don haka ba a jawo ta ta ciki. Ana manna ta a bakin bututun, a fito da bututu da hantsaki da gyaɗa gaba ɗaya a tare. Wuri mafi haɗari shi ne dab da tantanin murya, inda hanyar yaro ta fi tsukewa. Idan ta kuɓuce a nan, ta toshe babbar hanya ke nan, huhu biyu duka sun rasa iska. Abin da gwani ke yi a wannan daƙiƙa ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum: maimakon ya yi ta kokawar fizgo ta, sai ya tura ta ƙasa, ya mayar da ita reshen da ta fito, don lafiyayyen huhun ya sami iska. Yaro ya farfaɗo, a sake sabon yunƙuri. Bayan an fitar kuma ba a tashi, sai an koma an leƙa rassan biyu, ko akwai ɓallin da ya rage.

Wanda ya fara ciro abu ta wannan hanya shi ne Gustav Killian na birnin Freiburg a Jamus, wanda a 1897 ya zaro guntun ƙashi daga reshen huhun wani mutum ba tare da an tsaga shi ba. Wanda ya mayar da abin ilimi mai ƙa'idoji kuwa shi ne Chevalier Jackson na Amurka, da ya rayu daga 1865 zuwa 1958. Ya adana abubuwan da ya ciro daga maƙogwaro da huhun mutane, guda 2,374, suna nan har yau a gidan tarihi na Mütter da ke Philadelphia: fil, ƙusa, maɓalli, tsabar kuɗi, kayan wasa. An san shi da wata ɗabi'a. Idan abin da aka haɗiye mai wuyar sha'ani ne, yakan nemi irinsa, ya saka a bututun roba, ya yi ta gwada kama shi har hannunsa ya gane, kafin ya taɓa mara lafiya.

Kowane abu da tasa dabarar. Mata da 'yan mata da ke riƙe fil a baki suna gyara ɗaurin mayafi, magana ko dariya kan sa su zuƙe shi. Yawanci kansa ne ke yin ƙasa, tsinin yana kallon sama, don haka jawo shi kai tsaye yana nufin soke bangon hanya. Sai likita ya nemo tsinin, ya shigar da shi cikin bakin bututu ya ɓoye shi, sannan ya fito. Ƙaramin usur na roba da ke cikin kayan wasan yara kuwa yana da huda, iska na wucewa, har a riƙa jin yaro yana fito idan ya ja numfashi.

Ta hanyar abinci

Abin da ya bi hanyar abinci yakan tsaya a matsatsin farko, ƙasan maƙogwaro kaɗan. A Nijar da sauran wuraren da tsabar kuɗi ke yawo a hannun yara, ita ce kan gaba. A hoto tana fitowa fara, zagayayya. Amma idon da ya saba yana ƙara duba gefenta. In ya ga zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya, to ba kuɗi ba ne, ƙaramin batir ne mai faɗi irin na agogo da rimot da kayan wasa. Bambancin babba ne. Batir idan ya manne a jikin nama mai danshi yana haifar da sinadari mai ƙuna irin na soda, kuma cikin awa 2 yana iya fara cin bangon hanyar abinci. A hanci yakan huda bangon da ya raba kafofin biyu. Batir ba ya jiran wayewar gari.

Ƙayar kifi takan soke a gefen maƙogwaro ko a gindin harshe, inda ƙaramin madubi ke nuno ta a cire ta a zaune. Lomar tuwo ko ayabar da ake cewa a haɗiye don ta tafi da ita, ƙara nitsar da ita take yi. Manya kuma sukan haɗiye haƙoran roba masu ƙugiyar waya, waɗanda cire su yana cikin ayyuka mafiya wuya. Sai kuma ruwan sodar haɗa sabulu da ake zubawa a robar ruwan sha a ajiye a tsakar gida. Yaron da ya kurɓa, hanyar abincinsa takan ƙone ta tsuke, a yi ta faɗaɗa ta wata da watanni. Irin waɗannan yaran ne suka sa Jackson ya yi ta fafutika har Amurka ta yi dokar 1927 da ta tilasta rubuta gargaɗin guba a jikin mazubin irin waɗannan sinadarai.

Ido ɗaya, cututtuka da yawa

Wannan tarbiyya ta gani kafin taɓawa ita ce ke tafiyar da sauran aikin. Kunnen da ya shekara yana zubar da ruwa, likita zai zuƙe mugunyar a ƙarƙashin na'ura ya ga irin hudar da ke dodon kunnen. Wata hudar, idan kunne ya bushe, ana lulluɓe ta da 'yar fatar da aka ɗebo daga kan naman gefen kai, ji ya ƙaru. Wata kuwa alama ce ta fata da ta tsiro ciki tana cin ƙashi a ɓoye, wadda in an bar ta tana iya shanye rabin fuska ko ta kai ƙwayar cuta ƙwaƙwalwa. Ita sai an huda ƙashin bayan kunne an kwashe ta, ana aiki dab da jijiyar fuska.

Haɓon da ke yawaita da hunturu, mafi yawansa daga wuri ɗaya yake fitowa, gaban bangon tsakiyar hanci inda ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu. Likita ya gano ɗigon, ya taɓa shi da ɗan tsinken magani mai ƙuna, shi ke nan. Mai jirin da ke taso masa idan ya juya a kan gado, likita zai kwantar da shi da sauri yana kallon yadda ƙwayar idonsa ke rawa, daga nan ya gane wane kunne ne wasu ƙananan ƙwayoyi suka ɓalle suka shiga inda ba nasu ba. Sai ya juya kansa mataki-mataki ya mayar da su, dabarar da likitan kunne John Epley ya wallafa a 1992. Ba allura, ba ƙwaya. Malamin makaranta ko ladan ko mai talla da muryarsa ta dishe ta wuce mako 3 ko 4, ba a ce masa ya sha zuma da lemon tsami kawai. Sai an leƙa, domin ƙullutun gajiyar murya da farkon kansa, musamman ga mai shan taba, a kunne iri ɗaya suke, a ido ne suke rabuwa.

Yadda ake samun irin wannan hannu

Bayan shekara 6 na karatun likita da shekarar sanin makamar aiki, mai son wannan fanni yakan ƙara wasu shekaru 5 ko 6 a ƙarƙashin manya, yana rubuta jarrabawar kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta Nijeriya ko ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Kafin a bar shi ya huda ƙashin kunnen mai rai, sai ya yi ta yi a kan ƙashin gwaji har ya san inda kowace jijiya ta bi. A Arewacin Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan wannan fanni a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Amma masu hannun ba su da yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 a kan ji ya nuna cewa fiye da rabin ƙasashen yankin Afirka ba su da ko likita ɗaya na wannan fanni ga kowane mutum miliyan ɗaya. 'Yan kaɗan ɗin ma a manyan birane suke.

Wannan ƙarancin ne ya bar fili ga mai lalube. Ba wanda ke musun cewa wanzami yana da saurin hannu, kuma sana'arsa ta daɗe tana yi wa jama'a hidima. Sai dai belin da ake cire wa jariri ba cuta ba ne, halitta ce da kowa ke da ita, kuma yanka a cikin bakin jariri mai kuka yanka ne a wurin da ido bai gama gani ba. Jariran da jini ya ƙi tsaya musu, ko ciwo ya kama wurin, gaban waɗannan likitocin ake kawo su daga ƙarshe.

Tun da likitan yana nesa, rabin nasararsa a hannun mutanen gida take. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, a daka masa ita. Batir da soda a ɗaga su inda hannunsa ba ya kaiwa. Idan ya sarƙe yana iya tari, a bar shi ya yi tarinsa. Idan numfashi ya ɗauke ba sauti, a kifa shi a bubbuga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi ana neman taimako, kada a zura yatsa ana laluben abin da ba a gani ba. Idan abin ya lafa, kada a manta da ranar, a faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Abin da ya shiga kunne ko hanci kuma a bar shi yadda yake, a tafi asibiti, in akwai irinsa a gida a riƙo a nuna. Shekarun da likitan nan ya kwashe yana horar da ido da yatsu sun fi amfani a kan kunnen da ba a riga an jagwalgwala ba, da labarin da aka kawo masa cikakke.